Ci da Jari a Tattalin Arzikin Ƙasa: Darasi Daga Ƙasar Gumel



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca, da suka ɗora mini nauyin yin magana a kan al'amarin da nake ganin babu wanda ya fi shi muhimmanci cikin sha'anin tattalin arziki. Al'amarin kuwa shi ne: daga cikin abin da ƙasa ta samu a shekara, nawa za ta ci, nawa kuma za ta mayar jari? Littattafan da ɗalibanmu suke karantawa sukan kawo misalansu daga Ingila da Amurka. Ni kuwa yau zan ɗauko yawancin nawa daga ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na Jihar Jigawa, domin kusan duk abin da ya sami arzikin Nijeriya cikin shekaru ɗarin da suka wuce ya bar sawunsa a can.

Ma'anar Ci da Jari

Mu ƙaddara wani manomi a ƙasar Sule Tankarkar ya sami dami 100 na gero da kaka. Bayan ya fid da zakka, sauran zai kasu uku. Akwai wanda zai shiga rumbu don abincin iyali. Akwai wanda za a sayar a yi sutura da biki da sauran hidimomi. Sa'an nan akwai zangarniyar da ta fi kyau, wadda zai ware ya ɓoye don iri, da kuma 'yan dammunan da zai sayar ya sayi taki, ko akuya, ko ya haɗa kuɗin garmar shanu. Kashi biyun farko su ne abin da nake nufi da ci. Na ukun shi ne jari. Ci yakan biya bukatar yau ya ƙare. Jari kuwa shi ne abin da aka hana baki yau domin ya haifi wani abu baɗi.

Ƙasa ma haka take. Albashi da kayan marmari da bukukuwa da yawancin hidimar ofis ta yau da kullum duk ci ne. Hanya da madatsar ruwa da wutar lantarki da masana'anta da makaranta su ne jari. A nan sai in jawo hankalin ɗalibai ga abubuwa biyu. Na farko, ajiya ba ita ce jari ba. Kuɗin da aka binne a tukunya an hana baki su, amma ba su haifi kome ba. Na biyu, jari yana tsufa. Garma tana cinyewa, rijiya tana rushewa, ƙasar gona tana gajiya. Wanda bai ware kuɗin gyara ba, cin uwar kuɗinsa yake yi, ko da bai sani ba.

Nawa ya kamata ƙasa ta ware? Arthur Lewis, masanin tattalin arziki ɗan tsibirin Sen Lushiya, wanda ya sami lambar Nobel a 1979, ya nuna tun 1954 cewa babbar matsalar raya ƙasa ita ce yadda al'ummar da ke tanadin kashi 4 ko 5 cikin 100 na abin da take samu za ta koma tana tanadin kashi 12 zuwa 15. Ga lissafi mai sauƙi da zai nuna dalili. Mu ƙaddara sai an zuba jarin naira 4 kafin amfanin ƙasa ya ƙaru da naira 1 a shekara. Mu kuma ƙaddara jama'a na ƙaruwa da kashi 2 da rabi cikin 100 kowace shekara. To, sai ƙasar ta zuba kashi 10 cikin 100 na samunta kafin ma ta tsaya inda take, watau kafin rabon kowane mutum ya kasance bai ragu ba. Abin da ya ɗara goman nan shi ne ci gaba. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, yau kuwa mun haura miliyan 200. Don haka wannan lissafi ya shafe mu ƙwarai.

Zamanin Gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe a 1912. A 1930 aka kai reshen dogo daga Kano zuwa Nguru, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Wannan jari ne na gaske, ko da yake Turawan mulki don bukatar masana'antunsu suka shimfiɗa shi. Tasha ta zo kusa da manomin ƙasar Gumel, kuɗin dako ya ragu, gyaɗar da ba ta da kasuwa sai a gida ta sami mai saye a Turai. Kafin shekarun 1960 Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen sayar da gyaɗa ƙasashen waje, dalar gyaɗa kuma ta zama alamar Kano.

Abin tambaya shi ne, wa ya yi tanadin da aka gina Arewa da shi? A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aikinta ya koma hannun hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa. Hukumar ita ke yanka farashin da za a biya manomi, ita kaɗai kuma ke da ikon sayarwa waje. An ce za ta riƙa ajiye rara a shekarar tsada don ta tallafi manomi a shekarar araha. Amma sannu a hankali rarar ta zama hanyar tara kuɗin gwamnati. Masanin nan Gerald Helleiner ya lissafa cewa daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1960, wajen rubu'in abin da ya kamata ya shiga aljihun manomin gyaɗa an tsare shi, ko ta haraji ko ta rarar hukuma.

Ba na cewa kuɗin nan duk sun salwanta. Da irinsu aka taimaka wajen kafa masaƙar Kaduna a 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka yi hanyoyi, aka ba 'ya'yan talakawa karatu. Da yawa daga cikin malamanmu gyaɗa ce ta ilmantar da su. Amma tanadin tilas ne, kuma kaɗan ne daga cikinsa ya koma gonar da ta haife shi. Manomi bai sami rarar da zai kyautata ƙasarsa ba. Na bakin iyaka kuwa ya nemi tasa dabara: duk shekarar da farashin Nijar ya fi, sai gyaɗa ta ƙetare ta nufi wajen Magarya, in na nan ya fi sai ta juyo. Da farin 1973 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, sai aka tarar babu abin da zai tare faɗuwar. Kafin ƙarshen shekarun 1970 fid da gyaɗa waje ya tsaya. Darasi na farko ke nan: jarin da aka tatsa daga wata sana'a, in ba a mayar mata da rabonta ba, wata rana za ta ƙafe.

Nono da Saniya

Kafin in shiga zancen man fetur, bari mu leƙa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda shanu da raƙuma da tumaki ke taruwa daga Nijeriya da Nijar. Makiyayi yakan sayar da nono kullum, yakan sayar da bijimi in bukata ta taso, amma ba ya rabuwa da saniyar tatsa sai wuya ta kai wuya, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984. Ya san kuɗin nono riba ce, kuɗin saniya kuwa uwa ce. In dole ta sa ya sayar da ita, hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya maye gurbinta da karsana.

Gero da gyaɗa nono ne, domin baɗi ma za a shuka. Man fetur saniya ce. Gangar da aka haƙo aka sayar ta tafi ke nan har abada. Saboda haka ƙasar da ke sayar da mai, dukiyarta take sayarwa, kuma ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce a mayar da kuɗin zuwa wata dukiya mai haihuwa, a ci 'ya'yan, a bar uwar.

To, yaya muka yi? Tsakanin 1973 da 1974 farashin mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12 kowace ganga. A 1974 hukumar Cif Jerome Udoji ta ba da shawarar ƙarin albashi, a farkon 1975 aka biya, har da bashin watanni tun daga Afrilun 1974. Ƙananan ma'aikata albashinsu ya ninka. Ina magana gaban ma'aikata, don haka sai in yi adalci: albashin wancan lokaci ya yi ƙaranci, ƙari kuwa ya cancanta. Kuskuren shi ne zuba kuɗi masu yawa a kasuwa rana ɗaya alhali kayan da ƙasa ke yi ba su ƙaru ba. Kuɗin Udoji sun tafi a rediyo da babur da yadi da sauran kayan da aka ƙera a waje, tsadar kaya kuma ta haura kashi 30 cikin 100 a 1975. Manomin Gagarawa bai karɓi Udoji ba, amma ya biya tsadar. Samari da yawa suka ga leburanci a birni ya fi noma, cin rani ya zama ƙaura.

A shekarar nan ta 1975 kuma aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke ko kusa da haka. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a teku, ana biyan su kuɗin jira, simintin wasu yana daskarewa. Siminti kayan jari ne, amma wannan bai zama jari ba. Haka kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka ƙulla kwangilarsa da Tarayyar Sobiyet a 1979, ya ci kuɗi masu ɗimbin yawa, shekaru fiye da arba'in kuma suka wuce babbar tukunyar narkar da tamarsa ba ta fara aiki ba. Darasi na biyu ke nan: ba duk abin da aka rubuta a babin manyan ayyuka cikin kasafin kuɗi ne jari ba. Jari shi ne abin da ya haihu.

Lalle an yi ayyukan da suka haihu. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako har yau ana noman rani da ruwanta. Jami'o'in da aka kafa a 1975 da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 sun ba mu malamai da likitoci da injiniyoyi. Amma da farashin mai ya soma faɗuwa a 1981, sai ga tsuke bakin aljihu a 1982, ga kuma shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya karya darajar naira, ya kuma rushe hukumomin cinikin amfanin gona.

Mun sake samun dama. A 2004 aka buɗe asusun rarar kuɗin mai, ya tara wajen dala biliyan 20 a 2008. A 2022 abin da ya rage ciki bai kai dala miliyan ɗaya ba. A shekarar nan ta 2022 tallafin man fetur ya ci fiye da naira tiriliyan 4, abin da ya fi kasafin Gwamnatin Tarayya na ilmi da na lafiya in an haɗa su. Wani kaso na man kuma ƙetare iyaka yake yi, har a 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, mutanen Maigatari suka sha wahalar laifin da yawancinsu ba su aikata ba. An janye tallafin a watan Mayu na 2023. Ku gwada wannan da ƙasar Norwe, wadda ta kafa asusun mai a 1990, ta fara zuba kuɗi a 1996, a 2017 kuma asusun ya haura dala tiriliyan ɗaya. Ban ce mu kwaikwaye su ido rufe ba. Su suna da hanyoyi da makarantu tun kafin mai, mu kuwa wurin zuba namu yana nan gida. Abin koyi shi ne ba su ci saniyar ba.

Maigatari da Gagarawa

Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, an yi yunƙuri biyu na jawo babban jari ƙasar Gumel, kowanne kuma yana da abin da zai koya mana.

Na farko shi ne yankin ciniki marar haraji da aka kafa a Maigatari zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007. Tunanin mai kyau ne. Dabbobi na barin Maigatari da ransu cikin manyan motoci zuwa Kudu, riɗi da zoɓorodo kuma na barin wannan yanki ɗanye zuwa ƙasashe irin su Japan da Turkiyya da Meziko. Ribar yanka da jima da matsar mai da ƙunshe kaya duk wasu ke ci. Amma wurin ya shafe shekaru masu yawa bai cika burin da aka yi masa ba. Dalili kuwa shi ne jari ba ya rayuwa shi kaɗai. Masana'anta na bukatar wuta mai ɗorewa, da ruwa, da sufuri mai araha, da ƙwararrun ma'aikata, da kuma tabbacin cewa doka ba za ta sauya dare ɗaya ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. Mai kuɗin da ya ga haka zai yi dogon nazari kafin ya kafa injin da ba zai mayar da kuɗinsa ba sai bayan shekara goma.

Na biyu shi ne shirin noman rake da yin sukari a Gagarawa da kewayenta, inda a wajen 2016 da 2017 gwamnatin jiha ta keɓe wa wani kamfani fili kimanin hekta 12,000, manoma da yawa kuma suka ƙi amincewa. Gwamnati ta ce jari ne da zai kawo aikin yi ya rage shigo da sukari, wannan kuwa hujja ce mai ƙarfi. Amma manomin ma yana da tasa. Gonarsa ita ce jarinsa, ita ce kuma gādon 'ya'yansa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya ne a kan amfani da gine-ginen da ke kan fili, ba a kan ƙasar kanta ba. Kuɗin diyya kuwa, in suka shiga gidan da ke da bukatu goma, kafin damina biyu sun ƙare. Watau an mayar da jarin talaka ya zama ci domin a kafa jarin wani. Hanyar da ta fi ita ce manomi ya riƙe gonarsa ya noma wa kamfani bisa yarjejeniya, ko ya shiga da gonar a matsayin hannun jari. Darasi na uku ke nan: a kowane jari akwai wanda ya haƙura da wani abu, kuma adalci shi ne ya sami rabo cikin ribar.

Ci Ba Abokin Gāba Ba Ne

Kada wani ya tashi daga nan yana zaton na ce ci laifi ne. Ai don a ci ake neman arziki. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da bai ƙoshi ba tun yana goye ba zai fahimci karatu sosai ba, manomin da zazzaɓi ya kwantar a watan Agusta kuma ya yi asarar noman shekara. Abincin yara da maganin zazzaɓi da albashin malamin firamare, a takardar kasafi ci ne, amma a haƙiƙa jari ne, wataƙila ma mafi riba. Har ila yau, in kowa ya ɗaure bakin jakarsa, kasuwar Gumel za ta mutu, mai niyyar kafa injin matsar riɗi kuma ba zai sami mai sayen mansa ba. Abin dubawa shi ne me ake ci, a ina kuma aka yi shi. Kuɗin da aka kashe a kayan gida sukan zaga su dawo, waɗanda aka kashe a kayan waje kuwa sun yi sallama da mu.

Kada kuma a ce talakanmu bai san tanadi ba. Matar da ke zubin adashi, da mai turke rago tun watanni kafin Babbar Salla, da mai dasa itacen ƙaro a gefen gona don tare iska da rairayi, duk masu jari ne. Abin da ke karya su shi ne tsadar kaya, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Wanda ya ajiye naira a irin wannan hali asara ya yi, shi ya sa mai hali ke gudu zuwa fili da dala maimakon masana'anta. Gwamnatin da ke son jama'a su yi tanadi, wajibinta na farko shi ne ta tsare darajar kuɗinta.

Kammalawa

Ga ma'aikata, musamman waɗanda takardun kasafi ke bi ta teburinsu, ina roƙon ku yi wa kowane aiki tambayoyi huɗu kafin ku sa hannu. Me zai haifar bayan an yanke kyalle an watse? Wa zai biya kuɗin gyaransa shekara biyar masu zuwa, an kuma tanadi kuɗin? Wa ya haƙura da wani abu domin a yi shi, mene ne kuma rabonsa? Kuɗin da za a yi shi da su, na nono ne, ko na saniya, ko bashi ne? Rijiyar burtsatse ɗaya da aka gyara a ƙauyen Sule Tankarkar ta fi sababbi uku da za su tsaya baɗi.

Ku kuma ɗalibai, ku sani ku kanku jari ne. Iyayenku sun hana bakinsu sun biya muku, kamar yadda manomin gyaɗa ya biya wa malamanku. Irin da aka ware aka ɓoye tun kaka, ba a ware shi don ado ba. Lokacin da za a tambaye ku abin da kuka haifar yana nan tafe.

 Allah ya ba mu damina mai albarka da shugabanni masu tattali.